Doki Ɗari Uku da Baƙin Sa Ɗaya

Lahadi, 7 ga Mayu

Yau majalisar ƙoli ta gidan Lebenya ta zauna a gindin katangar shingen shanu, bayan an taso daga coci. Mahalarta huɗu ne: mahaifina Ntate Lebenya (Ntate a wurinmu shi ne baba, kuma da shi ake girmama kowane magidanci), wanda ya shugabanci zaman da tari, yayata Mookho, mijinta Tefo, mutumin da ya shekara hamsin a duniya bai taɓa kai jimla ƙarshenta ba, sai ni Malefane, magatakardan kotu, wanda shi kaɗai a cikinsu ya san bambancin shawara da hayaniya.

Batun ɗaya ne. Likita ya ce tarin da Ntate ya kwaso daga ramukan zinariya na Welkom ya rikiɗe ya zama mai taurin kai, ƙwaya kaɗai ba ta isa ba. Daga ɗaya ga Yuni sai allura kullum a asibitin Mokhotlong, har hunturu ya fita, wanda a nan Lesotho a watan ne yake shigowa. Tsakaninmu da asibitin kilomita goma sha tara ne, da hawa ɗaya da gangara ɗaya, waɗanda motar haya ke yi wa ƙaura da zarar dusar ƙanƙara ta sauka. An yanke hukunci a sayar da tumakin gida a sayi mota, in riƙa ajiye shi a asibiti in wuce aiki.

Tefo ya buɗe baki ya ce a-kori-kura, sai ya rufe. Mookho ta ƙarasa masa kamar yadda ta saba: mai tsayi, mai jan ƙafa huɗu, mai wurin ɗora buhu. Na saurare su da irin haƙurin da Allah ke ba masu karatu.

Ntate bai sa baki a zancen mota ba. Abu ɗaya ya faɗa, sau biyu: a sayar da tumakin duka in an ga dama, amma kada a taɓa Welkom. Wato baƙin san nan nasa da ya raɗa wa sunan garin da ya cinye masa huhu. Shekara goma sha biyu yana kiwonsa, ba noma ba jan kaya, don ranar da za a yanka shi a lulluɓe akwatin gawarsa da fatar, ya isa wurin kakanni da bargonsa kamar kowane namiji. Ban taɓa ganin dabbar da ta fara cin fansho tun tana maraƙi ba sai wannan.

Talata, 9 ga Mayu

Na tattara duk abin da hannuna ya kai gare shi a kan mota da sanyi, na karanta a ofis tsakanin ƙarar satar akuya da ƙarar iyakar gona. Ga abin da ilimi ya tabbatar. Mota mai jan ƙafa biyu, a kan ƙanƙara, gabanta na son tafiya, bayanta na neman gafara. Mai jan ƙafa huɗu kuwa kowace taya da rabonta na aiki, irin tsarin da Romawa suka ci duniya da shi. Har nan ni da Tefo bakinmu ɗaya, abin da ya ɗan tayar mini da hankali.

Ga inda muka rabu. Tefo yana zaton ƙafa huɗu sai a jikin a-kori-kura. Bai san akwai wani jinsi ba, gajere mai faɗin ƙirji, da aka ƙera don tsere a dazuzzukan ƙasashen da rana ke tafiya hutu wata uku. Motar da ta iya tsere a kan ƙanƙara, kai tsoho asibiti ai wasa ne a wurinta. Wannan hujja ba ta da ƙofar baya. Na duba.

Asabar, 13 ga Mayu

Maseru, babban birni. Filin dillalin cike yake da motocin da Japanawa suka gaji da su. Ya nuna mini uku. Ta farko a-kori-kurar mafarkin Tefo ce, fara, doguwa, fuskarta irin ta mai karɓar haraji. Ta biyu ta iyali ce, ruwan toka, ita ma mai jan ƙafa huɗu, cikinta nesa da ƙasa, irin motar da mutum ke saya idan ya riga ya yafe wa rayuwa. Kuɗin tumaki ya isa kowace a cikin biyun.

Sai ta uku.

Shuɗiya. Ƙafafu ruwan zinariya. Hanci a buɗe a kan murfin inji, fiffike a baya. Ƙarfin doki ɗari uku, in ji takardarta. Da aka tayar da ita, a ƙashin bayana na ji sautin kafin ya iso kunnena.

Nan mutumin ya yi abin da ban taɓa jin dillali ya yi ba, ya nemi hana ni. Ya tambayi inda nake zaune, na faɗa masa. Ya durƙusa ya tura tafin hannunsa tsakanin cikinta da ƙasa, da ƙyar ya shige.

"Ntate, wannan 'yar kwalta ce. Tayoyin ma na lokacin zafi ne. Ku ɗauki mai ruwan tokar, ku sayi sarƙar taya, ku riƙa sa ni a addu'a."

Na yi masa bayanin tsarin Romawa. Ya ce bai san su ba, amma in a Mokhotlong suke zaune, su ma mai ruwan tokar zai ba su.

Kuɗin tumaki bai kai ba. A hanyar dawowa na auna giɓin da ya rage ta kowace fuska, kuma siffa ɗaya yake ba ni: ƙafa huɗu, ƙaho biyu, baƙi.

Litinin, 15 ga Mayu

Na saurari ƙarar a raina. Ni ne mai ƙara, ni ne lauya, ni ne alƙali, tsarin da ya fi kowanne saurin kai mutum ga gaskiya.

Na ɗaya, an tanadi san ne don mutuwar Ntate, motar kuwa don rayuwarsa. Wanda ya fifita na farko a kan na biyu shi ne marar tausayi. Na biyu, mamaci ba ya jin sanyi, babu littafin likitan da ya musa. Na uku, Ntate ba zai mutu bana ba tunda ga mota, kuma baƙaƙen shanu ba su ƙare a Lesotho ba. Na huɗu, garken yana makiyayar kan tsauni har ƙarshen wata, inda idon tsoho ba ya kaiwa.

Na huɗun ba hujja ba ce, dama ce. Amma na lura manyan hukunce-hukuncen tarihi a kan irinta suka fi tsayawa.

Alhamis, 18 ga Mayu

Sekete mahauci ya biya, ya aika an sauko da Welkom ta bayan tsauni. An ce bai yi gardama ba. Ya saba duk wanda ya kama igiyarsa da alheri ya zo.

Lahadi, 21 ga Mayu

Jiya na shigo ƙauyenmu Ha Rantso da shuɗiyar motar. A kilomita ukun ƙarshe, inda kwalta ta ƙare, cikinta ya gaisa da duwatsu sau bakwai. Na ɗauki hakan a matsayin gabatar da kai.

Ƙauye ya fito. Mookho ta zagaya ta sau biyu tana neman inda za a sa buhun masara, na sanar da ita cewa ba jaki na sayo ba. Tefo ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe, ya tashi ya kaɗe bargonsa ya ce, "To." Wannan a wurinsa jawabi ne. Ntate kuwa sai da muka naɗe shi kamar tabarma kafin ya shiga. Daga ciki ya tambaya ko zama ake yi ko kwanciya, ya ƙara da cewa a ramin Welkom ma sun fi haka samun wurin ɗaga kai.

Akwai wani ɗan al'amari. Sekete mutum ne mai riƙon ladabin sana'a, ya aiko mini da yankin cinya, rabon mai dabba. Mayarwa zai jawo tambaya, zubarwa almubazzaranci ne. Na miƙa wa Mookho na ce na sayo ne don murnar mota. Tun safe ta ɗora. Ntate ya daɗe yana tauna da haƙoransa huɗu, sannan ya ɗaga tsokar ya dube ta a hasken ƙofa.

"Wannan sa ya tsufa, kuma bai taɓa jan garma ba. Dubi kitsen. Wani ya so shi."

Ya nemi ƙarin romo a kan tuwon masararsa. Na ci rabona. Da tauri, amma gishirin ya yi daidai.

Alhamis, 1 ga Yuni

An fara allura. Na kafa dokokin mota, domin ƙasar da ba doka daji ce. Ntate zai zauna a baya. Zai buga takalmansa kafin ya shiga, ya ɗora su a kan jarida. Ba shaƙar taba, ba cin abinci. Tagar gefensa a buɗe, saboda ƙwayoyin cuta.

Minti ashirin da biyu muka yi. Ma'aikaciyar jinya ta kama hannunsa ta tambaya ko da gudu ya zo. Ta kuma ce mini a rufe tagar, wanda ya daɗe a kan magani ba ya sa wa kowa. Ita takardar shekara uku gare ta, ni kuwa na karanta tarihin annoba tun daga Girkawa. Tagar tana nan yadda take.

Yana jirana a bencin asibiti har in tashi aiki ƙarfe huɗu da rabi. Yana da bargo, yana da abokan tari. Ban ga abin da ya rasa ba.

Laraba, 7 ga Yuni

Shanu sun sauko. Ntate ya tsaya a bakin shinge da sandarsa yana kiran kowace da sunanta har ta ƙarshe ta shige, bai bar kallon hanya ba. Na ce masa kofaton Welkom ya tsage, an bar shi a wurin wani mutum a can sama har ya warke. Ya ɗaga kai ya dubi tsaunin, wanda kansa ya riga ya yi fari.

"Da ƙafa uku ma yakan sauko. Ya san hanya."

Ya shiga ɗaki ya fito da dunƙulen gishiri a tsumma, ya ce in aika masa. Na karɓa. Yana cikin but ɗin mota.

Talata, 13 ga Yuni

Dusar ƙanƙara ta farko, kuma ranar da tarihi ya wanke ni. Mun haye hawan nan kamar ana jan mu da igiya daga sama, ba ko zamewa ɗaya. A tsakiya muka riski Tefo a kan dokinsa, ya naɗe kansa da bargo sai idanu. Na ɗan taka totur don ya ga abin da ya so ya hana gidanmu. Taɓon da ya fallatsa ya kai har gemunsa. Ban yi da gangan ba, amma ban yi nadama ba, kuma a shari'a waɗannan abubuwa biyu ne daban.

Laraba, 14 ga Yuni

Littattafan duk sun yi bayanin yadda ƙafa huɗu ke tafiya. Babu marubucin da ya ga ya dace ya ambaci cewa wajen tsayawa, kowace mota a duniya ƙafa huɗu gare ta, har amalanken jaki in an ƙara masa biyu.

Dusar jiya ta narke da rana ta daskare kafin safiya. A gangara na taka birki, birki ya karɓi saƙon ya ajiye. Muka juya sau biyu cikin natsuwa, na ga ƙauyenmu, na ga kwari, na sake ganin ƙauyenmu, sannan bayanta ya faɗa lambatu, taku uku daga inda ƙasa ta ƙare. Da na waiga ban ga Ntate ba. Yana ƙasa tsakanin kujeru, leɓensa ya fashe.

"Mun iso?" in ji shi.

Yau ba allura.

Juma'a, 16 ga Yuni

Na aro sarƙar da ake naɗa wa taya don ta kama ƙanƙara. Ba ta shiga ba, babu ko sararin yatsa tsakanin taya da jikin motar. Na buga waya Maseru ina neman tayar hunturu, mai shagon ya sa na maimaita sau biyu, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Ba laifin motar ba ne. An kawo ta ƙasar da ba ta shirya mata ba, abin da ya sha faruwa ga manyan mutane.

Litinin, 26 ga Yuni

Kwana uku dusar ƙanƙara tana zuba. Juma'a da Asabar da jiya ba mu fita ba. Yau na ce ko ta halin ƙaƙa. Mun yi taku ɗari biyu daga ƙofar gida, hancinta yana tara dusa a gaba kamar garma, har tudun ya ɗaga ta. Ta zauna a kan cikinta, ƙafafu huɗu suna juyawa a iska, kowace da rabonta na aiki.

Tefo ya zo da shanun nomansa huɗu. Ya ɗaura sarƙar da ta ƙi shiga taya a ƙarƙashin bamba, ya yi fito. Haka aka ja mu kilomita uku har bakin kwalta, ni riƙe da sitiyari kamar mai wani aiki, ƙauye kuma a jere a gefen hanya, har da waɗanda aka ce ba su da lafiya. Ntate ya leƙa ta tagarsa yana kallon bayan shanun. Ya ce tun da aka sayi motar yau ne ya ji daɗin tafiyarta.

A bakin kwalta Tefo ya kwance sarƙa, ya zo saitin tagata, kuma a gaban shaidu ya kai jimlar farko ta rayuwarsa har ƙarshe.

"Doki ɗari uku, Ntate Malefane, ko ɗaya bai fito ya kama mana ba."

Alhamis, 29 ga Yuni

Likita ya kira ni ɗakinsa. Ya ce kowace ranar da aka tsallake, ciwon ake koya wa dabara, kuma an tsallake huɗu. Na yi masa bayanin cewa dusar ƙanƙara a ilimin shari'a hukuncin Allah ce, ba a ɗora wa kowa alhakinta. Ya tambayi irin motar da nake da ita. Na faɗa masa da ɗan alfahari. Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Hassada tana da siffofi da yawa.

Litinin, 3 ga Yuli

Ban sami Ntate a benci ba. Yana zaune a ƙasa, jingine da tayar baya, ban san ko tun yaushe ba. Ya buga takalmansa da kansa, ya shiga. Da muka fara hawa ya soma ba ƙeyata labari a hankali, kamar na wasu mutane.

Sekete ya yanke yatsa, ya zo a ɗaure masa. Ya zauna kusa da shi a benci, ya gaishe shi da girmamawa, ya yaba masa kiwo, ya ce shekara ashirin yana fawa bai ga kitse irin na baƙin san nan ba. Ya tambaya ko cinyar da ya aiko ta yi daɗi. Ntate ya ce ta yi. Ya tambaye shi fatar. Sekete ya ce babbar mota ke zuwa ta kwashe fatu ta ƙetare iyaka da su, can ake yin kujerun motoci.

Na fara jero hujjojina huɗu. Ban gama ta ɗaya ba.

"Gishirin da na ba ka yana ina?"

"Yana but, Ntate."

"To." Muka wuce lanƙwasar hanya biyu. "Na nemi ƙarin romo ran nan, ko?"

Na ce ban tuna ba.

"Na nema."

A madubi na ga hannunsa a kan baƙar kujerar, yana shafa ta daga sama zuwa ƙasa, yadda yake shafa wuyan san.

Lahadi, 9 ga Yuli

Majalisa ta sake zama, wannan karon da dattawan dangi biyu, kuma ba a nemi in rubuta komai ba. Ntate ya yafa bargonsa na zuwa coci. Tefo ya ce jan sansa, sai ya tsaya. Mookho ta ƙarasa cewa sun ba da shi, halak malak. Ntate ya gode musu, ya ce shi ba ya aron bargo.

"Nawa yana nan, ɗana ya sauya masa kama ne kawai. Ran da na tafi, Malefane zai ɗauki wuƙata ya feɗe kujerar bayan motar nan da hannunsa, a lulluɓe ni da ita. Kada a yanka ko maraƙi. Masu zuwa su ci kabeji. Wanda ya tambayi nama a nuna masa motar."

Na miƙe na yi jawabi. Na ce Fir'aunoni ma da aka binne da karusansu ba a feɗe karusan ba. Na ce al'ada ruhi ce ba fata ba. Ina shirin shiga batu na uku Mookho ta katse ni, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Zauna, Malefane. Kai ka miƙo mini shi na sa a tukunya."

Na duba littattafan ofis. Wasiyyar baki a gaban dattawa biyu tana da ƙarfi a dokar gargajiya. Ni da kaina na sha rubuta hakan a kan wasu.

Alhamis, 13 ga Yuli

Mookho tana zuwa ta yi girki ta tafi. Kwanona a kan dutsen bakin ƙofa take ajiye shi, inda ake ajiye na kare.

Talata, 18 ga Yuli

Na rufe tagar baya. Ba don komai ba, iska tana ɓata sautin inji. Ya sake buɗe ta.

"Bar ta. Kada in sa maka ciwo."

Yanzu minti hamsin muke yi. Hanyar ce ta lalace.

Asabar, 22 ga Yuli

Na gabatar masa da tayin sulhu mai kyau ƙwarai: in sayar da motar, in sayo baƙin sa, wanda ya fi wancan girma ma. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da bai saba ba.

"Wanda bai san muryata ba? Ya raka ni ina?"

Laraba, 26 ga Yuli

Sun kwantar da shi a asibiti. Na dawo ni kaɗai. Motar ta fi sauri ba kowa a baya. Na lura da hakan ne kawai a matsayin bayanin kimiyya.

Laraba, 2 ga Agusta

Da hantsi. Ina tsaye ina karanta wa wani tuhumar satar jaki aka miƙo mini takardar rasuwar Ntate. Na ƙarasa karanta tuhumar.

Juma'a, 11 ga Agusta

An kawo gawarsa gida da azahar. A lokacin da ya kamata a kayar da sa a bakin shinge, maza suka zo suka kewaye motar, suka cire huluna. Babu wanda ya yi dariya. Na so a ce an yi.

Ɗaya daga cikin dattawan ya miƙo mini wuƙar. Na durƙusa a ƙofar baya na bi ɗinki, daga kafaɗar kujerar zuwa ƙasa. Tefo ya shiga ta ɗaya ƙofar ya kama gefe yana ja, yadda ake riƙe wa mai fiɗa ƙafa. Ta taso da sauƙi, fiye da yadda ya kamata.

Bayanta farin yadi ne saƙaƙƙe, da lambobi a buge da shuɗin tawada. Ƙarƙashi soso ruwan ɗorawa. Warin gam.

Roba ce. Ba ta taɓa zama a jikin wata dabba ba.

Tefo ya gani. Ya dube ni, ya yi sauri ya ninke ta, baƙin a waje, ya ɗora a kan hannuwansa biyu ya fita da ita a hankali kamar mai nauyi.

Ntate tun yana yaro yake jimar fata. Igiyoyin gidan nan duk shi ya yanka su daga ƙirgi. Ido rufe yakan taɓa fata ya faɗa maka ta sa ce ko ta saniya, da damina aka yanka ko da rani. Wata guda yana shafa kujerar nan safe da yamma.

Ya sani tun kafin ya tara dattawa.

Asabar, 12 ga Agusta

Ba ta kai ta rufe akwatin ba. An ja ta sama an ja ta ƙasa, a ƙarshe aka bar wajen ƙafafu a buɗe.

Ni ne ɗa namiji na fari, ni na fara zuba ƙasa. Ƙasa a kan fata ba ta yin ƙara, na sha ji a jana'izar mutane. Wannan ta yi ƙara, irin ta ruwan sama a kan tamfol. Na baya ma sun ji. Fada, limamin cocinmu, ya ɗaga murya da waƙa, mata suka kama.

An ci kabeji. Ba wanda ya tambayi nama.

Lahadi, 3 ga Satumba

Dusa ta janye zuwa kawunan tsaunuka. Jiya na je wani ƙauye a hayin kogi na sayo maraƙi. Dalilan na tattalin arziki ne zalla: ciyawar bayan gida tana lalacewa a banza, kuma shingen ya yi wa shanun da suka rage yawa. Baƙi ne, amma launin ba ni na zaɓa ba, shi aka samu. To, akwai wani ja da wani mai roɗi-roɗi, amma ƙafafunsu ba su yi mini ba.

A bayan motar na ɗauko shi, a kan soson, tunda wurin a buɗe yake. Ya yi fitsari sau biyu. A giya ta biyu muka zo tun daga kogi.

Yau da rana Mookho ta ƙetaro. Ta buɗe bakinsa ta duba, ta ɗaga kofatansa ɗaya bayan ɗaya, ta shafa bayansa ko za ta ga farin gashi. Ba ta samu ba. Ta ce dattawa sun ce ana iya tufatar da mamaci daga baya, in ɗansa ya yi kiwon da hannunsa ya kira sunansa ranar yanka. Ba ni take kallo ba, maraƙin take kallo, amma da ni take, karo na farko tun Yuli.

"Na Ntate ne, ko naka?"

Na ce ni ban yarda da waɗannan abubuwa ba, kuma ban yanke ba tukuna. Ta ce shekara goma sha biyu ta isa mutum ya yanke. Kwanona yau a ɗaki ta ajiye shi.

Ya ƙi cin komai daga hannuna. Tefo ya ce sai an yi ta yi masa magana kullum, har ya… Nan jimlar ta tsaya. Na gwada da yamma, bayan na tabbata ba kowa kusa. Na jingina da katanga, na gyara murya.

Ban san abin da ake ce wa sa ba. Na dai tsaya.